Filin ƙara sani: Injin da ke gane zanen hannu

Baƙo ya iske makiyayi bakin hanya, ya tambaye shi inda rijiya take. Makiyayi ba shi da takarda, ba shi da bik. Sai shi tsuguna, shi share ƙasa da tafin hannu, shi ja layi da yatsa, shi ce: "Ga hanya." Shi yi ɗan kewaye, shi ce: "Ga rijiya." Shi soka yatsa wuri ukku, shi ce: "Ga itatuwan gawo, ka bar su hannun hagu." Layin ya karkace, kewayen kuma bai haɗe ba. Duk da haka baƙo ya gane, ya yi godiya, ya tafi ya iske ruwa.

Wanga abu kowa na yin shi, har ba a ɗauke shi bakin kome ba. Mai gona na zana iyakar gonarshi gaban maigari. Ɗan makarantar yaƙi da jahilci na zana baƙi bisa allo, hannu na rawa, malam kuma na karantawa. Idon mutum na cika abin da hannu ya rage.

To, masana sun yi shekara sama da 60 suna neman koya ma inji wanga aiki. Injin da ake nufi shi ne mai ƙwaƙwalwa, wanda ake ce ma kwamfuta ko ordinater. Yau ƙaraminshi na cikin salula mai gilashi, wadda ake taɓawa da yatsa. Ke nan ya riga ya shigo kasuwannin karkara. Wasu salula na karanta rubutun hannu in an ɗauki hotonshi. Wata rana takardar awon wake ko ta iyakar gona na iya biyawa ta gaban wanga inji. Shi ya sa ya kamata manomi da makiyayi su san inda shike da ƙarfi, su san kuma inda shike kuskure.

Abin da inji ke gani

Inji ba shi da ido irin na mutum. Lissafi kaɗai ya sani. Kowane zane sai an maida mishi shi lambobi kafin shi yi aiki da shi. Hanyoyin yin haka biyu ne.

Ta farko, mutum na zane da yatsa bisa gilashi, inji na biye da shi. Shina rubuta inda yatsa ya fara, inda ya bi, inda ya yi sauri, inda ya sassauta, da inda ya tashi. Kamar mai bin sawun raƙumi ne, wanda ke faɗin nan ya yi gudu, nan ya tsaya.

Ta biyu, an riga an yi zanen bisa takarda, sai a ɗauki hotonshi. Inji na raba hoton ƙananan gidaje, kamar gurabun dara, amma masu yawan gaske. Gidan da tawada ta taɓa shi ba shi lamba babba. Gidan da ya tsaya fari shi ba shi sifili. Nan babu sawu, ba a san inda hannu ya fara ba. Don haka wagga hanya ta fi wuya.

Koyarwa da ƙa'ida

A shekara ta 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland, a babbar makarantar MIT kusa da birnin Boston na Amurka, ya nuna wani aiki da ya sa ma suna Sketchpad. Injin da ya yi aiki da shi ya cika ɗaki. Shina riƙe da wani alƙalami mai jin haske, shina zane bisa gilashin injin. Amma sai ya danna maɓalli ya faɗa ma inji abin da shike nufi: wanga layi ne, wanga kewaye ne, waɗanga biyu su yi tsawo ɗaya. Sa'an nan inji shi daidaita.

Kafin shekara ta 1970, ma'aikatan wata ma'aikatar bincike da ake ce ma RAND, a jihar Kalifoniya, sunka ƙara gaba. Mutum na zana akwati mai kusurwa 4 ko da a karkace, inji shi gane da kanshi, shi share na karkace, shi aza mai kyau a gurbinshi. In mutum ya yi ƴan kai-da-komo da alƙalami bisa wani abu, inji shi gane ana so a goge.

Yaya anka yi? An ba inji ƙa'idodi, kamar yadda ake ba yaro kashedi kafin a aike shi. Ga misalinsu. In farkon zane da ƙarshenshi sun kusa haɗuwa, a ɗauka rufaffe ne. Inda hannu ya sassauta ya juya, nan kusurwa take, don ba mai shan kwana da gudu. In kusurwa 3 ce, ga sunan abin. In 4 ce, ga sunanshi. In babu kusurwa, sai inji shi nemi tsakiya, shi auna nisan kowane gefe daga gare ta. Wanda ya taɓa ganin an shata gindin rumbu ko na ɗakin kago ya san wanga lissafi: a kafa turke, a ɗaura igiya, a kewaya. Ko'ina nisan ɗaya ne. In awon inji ya kusa zama ɗaya ko'ina, sai shi ce kewaye ne.

Wagga dabara na aiki ga layi da kewaye da akwati, har yau ana amfani da ita. Amma hannun mutane ba ɗaya ba ne. Wani na zana akwati da ja guda, wani da ja huɗu. Wani na maimaita layi sau biyu. Tsoho hannunshi na rawa, inji shi ƙidaya kusurwa goma inda babu ko ɗaya. Kuma wace ƙa'ida za a rubuta ma saniya? In an ce ƙafa huɗu da wutsiya, doki ma haka shike. In an ce ƙaho, to akuya fa?

A 1993 kamfanin Apple ya fito da wani ƙaramin inji na hannu mai suna Newton, wanda ake rubutu bisa gilashinshi. Shina gyara kewaye da akwati, amma wajen karatun rubutu ya yi ta kuskure har jaridun Amurka sunka maida shi abin dariya. A 1998 anka bar ƙera shi.

Koyarwa da misali

Yaron makiyayi ba a karanta mishi ƙa'idar saniya. Tun shina goye shike ganin shanu, manya da ƙanana, farare da jajaye. In ya nuna jaki ya ce saniya, a yi dariya a gyara mishi. Yau da gobe har shi gane saniyarsu daga nesa cikin ƙura. Wasu masana sunka ce a bi da inji ta wagga hanya.

Ɗaya daga cikinsu Bafaranshe ne, Yann LeCun, shina aiki Amurka. A 1989 shi da abokan aikinshi sunka samu lambobi sama da dubu 9 da mutane sunka rubuta da hannu bisa wasiƙun da sunka biyo ta gidan wayar birnin Buffalo. Sai a nuna ma inji lamba guda, shi yi cinta. In ya ce 3 alhali 8 ce, a faɗa mishi gaskiya, shi ɗan gyara lissafin da ke cikinshi. A kawo wata. In an ƙare, a sake daga farko. Daga baya sai a jarraba shi da lambobin da bai taɓa gani ba, kamar yadda malam ke jarraba ɗalibai ƙarshen karatu. Inji ya ci jarrabawa. Bayan ƴan shekaru bankunan Amurka sunka fara aiki da irinshi wajen karanta kuɗɗin da anka rubuta da hannu bisa takardun banki.

A 1998 anka tara wasu lambobin, dubu 60 na koyo da dubu 10 na jarrabawa. Ma'aikatan ƙidayar jama'a na Amurka da ƴan makaranta sunka rubuta su. Kowace lamba an raba hotonta gida 28 a tsaye, 28 a kwance. Mai son lissafi shi gwada bisa allo: 28 sau 28, gida 784 ke nan don lamba guda tak.

Lambobi guda 10 ne kawai, daga sifili zuwa tara. Abubuwan duniya kuwa ba su ƙidayuwa. A 2012 wasu masana, biyu daga birnin Berlin na Jamus, ɗaya daga Amurka, sunka tara zanen hannu dubu 20, na abubuwa iri 250. Sunka nuna ma mutane, mutane sunka gane kashi 73 bisa 100. Injinsu ya gane 56 bisa 100. A lura da kyau: ko mutane ba su gane duka ba, don wani zanen mai shi kaɗai ya san abin da ya nufa. A 2015 masanan wata jami'a ta birnin London sunka yi injin da ya gane kusan 75 bisa 100 cikin waɗannan zane. Ya ɗara mutane da kaɗan.

Wasan zane na duniya

A watan Nuwamba na 2016 kamfanin Google ya buɗe wani wasa a intanet mai suna Quick, Draw!, wato zana da sauri. Ana ba mutum sunan abu, a ba shi sakan 20, misalin lokacin da za shi ƙidaya ashirin sannu-sannu. Shina zane, inji na cinta da baki har shi faɗi daidai ko lokaci shi ƙare. Mutane na ganin wasa suke, alhali kowane zane ya zama darasi ga inji. A 2017 kamfanin ya fito da zane miliyon 50, na abubuwa iri 345, don masu bincike su yi aiki da su.

Cikin iri 345 akwai raƙumi, saniya, tunkiya, doki, kunama, sauro, albasa, gyaɗa da gatari. Babu jaki. Babu akuya. Babu rumbu, babu turmi, babu ƙwarya. Injin da ya koya daga wanga tari, in an zana mishi jaki, ba shi da inda za shi sa shi. Sai shi ɗauko sunan da ya fi kusa cikin waɗanda ya sani, shi ce doki. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Kamfanin da kanshi ya ba da labarin takalmi. Da anka ce a zana takalmi, yawancin masu wasa sunka zana kambas. Sai inji ya ɗauka takalmi shi ne kambas. Da anka zana mishi takalmin mata mai tsinin dunduniya, bai gane ba. Wanda ya fi yawa wajen koyarwa, nashi ne ya zama daidai ga inji.

Wasu ƴan jarida kuma sunka duba kewaye sama da dubu 100 daga cikin wasan. Sunka iske mutanen Amurka, 86 bisa 100, suna juya hannu saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Mutanen Japan kuwa, 80 bisa 100, suna bin hannun agogo. Masu binciken sun danganta haka da irin rubutun da kowa ya koya tun shina yaro. Ashe ko kewaye na da ƙasarsu.

Ɗaya da bakwai, da ƙugiyar baƙi

Ga inda maganar ta taɓa ɗan makarantar yaƙi da jahilci. A Nijar ana rubuta 1 irin ta Faransa, da ɗan hanci a gaba, ana kuma gitta ma 7 ɗan layi a ciki. Yawancin mutanen Amurka na rubuta 1 sanda guda a tsaye, 7 ɗinsu kuma babu gitta. To, 1 mai dogon hanci ta yi kama da 7 ɗinsu. Injin da ya koya daga hannun Amurkawa kaɗai na iya karanta kilo 15 shi ce 75, ko bashin buhu 1 shi ce 7. In babu mai dubawa, kuskuren ya shiga littafi, mai hatsi ne za shi biya.

Haka baƙaƙen Hausa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ƙugiyar ƙarama ce, amma ita ke raba ƙoƙo da koko, ita ke raba ƙasa da kasa. Injin da ya koyi baƙaƙen Faransanci ko na Ingilishi kawai na ɗaukar ƙugiya kamar zamewar hannu, sai shi yar da ita. Maganin haka shi ne a nuna mishi rubutun Hausa na hannu mai yawa. Rubutun kuwa ba shi samuwa sai Hausawa na rubutu.

Taswirar makiyaya a Kenya

Akwai inda anka gwada wanga ilimi ga maganar fili. A 2016 anka fara wani aiki mai suna its4land da kuɗɗin Tarayyar Turai, a ƙasashe ukku: Kenya, Ruwanda da Habasha. Nufin shi ne a samu hanya mai sauri kuma mai arha ta rubuta wa ke da wane fili. Masanan jami'ar Munster ta Jamus sunka ɗauki ɓangaren zanen hannu. Sunka yi aiki da Masai, makiyayan shanu na yankin Kajiado, kudu da birnin Nairobi.

Makiyayan ke zana ƙasarsu da hannunsu bisa takarda: ga gida da garken shanu, ga wurin ruwa, ga dutse, ga makiyayar da ake keɓewa. Kowane abu da alamarshi. Sai a ɗauki hoton takardar. Inji shi nemi layuka da alamomi, shi ba kowace sunanta.

Zanen hannu ba shi da awo. Mai zane na iya sa rijiya dab da gida alhali tafiyar rabin yini ce. Don haka injin nan ba tsawo shike dubawa ba. Shina riƙe abin da mai zane ya tabbata da shi: wanga na cikin wancan, wanga na maƙwabtaka da wancan, hanya ta ratsa tsakaninsu. Daga nan a gwama da taswira mai awo, ta hanyar abubuwan da ke cikin duka biyun, kamar hanya ko tsauni. Gwaji ne anka yi. Amma ya nuna sanin makiyayi na iya shiga takardar hukuma ko da bai taɓa riƙe abin awo ba.

A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye da ake ce ma Kofo, don a rubuta gonaki, burtali da mashaya. Kowa ya san abin da rikicin burtali ke jawowa in damana ta faɗi. Irin wanga inji na iya rage wahalar kwafe zane. Sai dai abin da anka zana mishi shike karantawa. In wani ya tura iyaka cikin burtali ya zana, inji za shi gyara layin shi fito santal, ƙaryar na nan ciki. Ba shi san wanda ya sari dajin ba. Ba shi san inda kakanni sunka dasa gamba ko aguwa don shaida ba. Wanga sani na ga dattawa, da maƙwabtan gona, da ardo.

Abin riƙewa

Na farko, mai koyon rubutu kar shi ji kunyar karkataccen hannu. Injin da duniya ke yabo, daga karkatattun zane ya koya, kuma sai da ya ga dubbai. Babba mai zuwa makarantar dare na gane baƙi bayan an nuna mishi ƴan lokutta, ga gajiyar noma a jikinshi. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Na biyu, a kyautata hannu gwargwadon hali. A rufe sifili kar ta koma 6. A gitta ma 7. A taƙaita hancin 1. A fito da ƙugiya sarai. Wanga na taimakon inji, ya kuma fi taimakon magatakardan ƙungiyar manoma da ke karatu da fitila.

Na ukku, in an zo da inji wurin awo ko wurin rubuta fili, mai abu shi nemi a nuna mishi abin da inji ya fitar, shi karanta da idonshi kafin shi sa hannu ko shi dangwala yatsa. In bai iya karatu ba tukuna, shi zo da ɗanshi ko maƙwabcin da ya iya. Takardar da anka zana da hannu kuma a aje ta wurin da gara da ruwa ba su kai, tare da sunayen shaidu. In an ce mishi inji ba shi kuskure, shi tuna da jakin da anka ce ma doki.

Na huɗu, a ci gaba da zane da rubutu. A zana rumbu, a zana turmi, a zana shaidar da ke jikin dabba, a rubuta sunan kowane a ƙasa da Hausa. Malaman yaƙi da jahilci na iya gwada wasan a makaranta ba tare da inji ba: ɗaya shi zana abu bisa allo, saura su cinta kafin a ƙidaya 20. In an samu gardama, a tambayi kowa mi ya gani har ya faɗi haka. Tambayar da masana sunka yi shekara 60 suna yi ke nan.

Allah shi ba da damana mai albarka, shi kiyaye dukiya da masu ita. Sai wata mai zuwa.